Gorilla Monsoon: Ƙaton da Ya Bar Fage Ya Kama Makirfo

  

Yau za mu ƙetare teku mu tafi Amurka, mu ɗauko labarin wani mutum da ya yi suna sau biyu a cikin sana'a ɗaya, karon farko da ƙarfin damtse, karo na biyu da fasahar harshe. Sunansa na yanka Robert Marella, amma duniya ba ta san shi da wannan ba. Sunan da ta sani shi ne Gorilla Monsoon. Waɗanda suka kalli kokawar Turawa a kaset ɗin bidiyo, wadda samari ke kira reslin, ko ba su riƙe sunan ba sun ji muryar, domin ita ce ke tashi a bayan Hulk Hogan da André the Giant a zamanin da wasan ya game duniya.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko abu ɗaya ne. Mutumin nan ya yi shekara arba'in a wannan sana'a, ya canza suna, ya canza kama, ya canza kujera, amma aikinsa bai taɓa canzawa ba. Aikinsa shi ne ɗaga wani. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komawa kansa.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu share fage da magana kan ita kanta sana'ar. A kokawar Amurkawa, tun kafin a fito masu shirya wasa sun riga sun yanke wanda zai kayar da wanda za a kayar. Wannan ba asiri ba ne yanzu, ko da yake a da an ɓoye shi ƙwarai. Akwai gwarzon da jama'a ke so, akwai mugun da suke ƙi, wanda yaran yanzu ke ce wa bos. Amma kada wannan ya sa a raina ta, domin ko da yake hukuncin shiryayye ne, faɗuwar gaskiya ce, ƙashi yana karyewa, gwiwa tana lalacewa, kuma duk wanda abokin karawarsa ya ɗaga sama ya danƙa masa amanar wuyansa ke nan. Sana'a ce da ba a yin ta sai da yarda tsakanin mutum biyu da suke nuna wa duniya cewa ba sa ga maciji da juna.

To, mu fara da asali. An haifi Robert Marella ranar 4 ga watan Yuni, 1937, a garin Rochester cikin jihar New York, iyayensa kuwa 'yan asalin Italiya ne. Tun yana makarantar sakandare girmansa ya wuce misali, har abokansa suka laƙaba masa sunan zolaya mai nufin ɗan ƙarami. Daga nan ya shiga kwalejin Ithaca, ya karanci ilimin motsa jiki, ya kuma yi kokawa ta haƙiƙa, irin ta makarantu wadda babu shiri a cikinta, har a 1959 ya zo na biyu a gasar jami'o'in Amurka baki ɗaya a ajin masu nauyi. Ya ɗan taɓa aikin koyarwa. Ku lura da wannan, masu sauraro: malamin makaranta ne, ya san sunan kowace gaɓa ta jikin ɗan Adam, kuma ya iya kokawar gaske tun kafin ya koyi ta wasa.

Wani mai shirya wasa da ake kira Pedro Martinez ne ya ga wannan ƙato ya jawo shi cikin sana'ar. Da farko an fito da shi da sunan Gino Marella, mutumin kirki, ɗan Italiya mai fara'a, har yakan rera waƙa da Italiyanci kafin a fara karawa. Jama'a suka yi masa tafi daidai gwargwado, amma kasuwa ba ta buɗe ba. Mutum mai nauyin kilo 180 ko kusa da haka yana murmushi yana waƙa, wa zai biya kuɗi don ya ga an kayar da shi?

A nan ne labarin ya yi kwana na farko. Marella ya bar gemu ya yi buzu-buzu, ya ajiye waƙa, ya ajiye murmushi, aka sake masa suna Gorilla Monsoon, aka kuma ƙaga masa tarihi: wai daga dazukan Manchuriya aka samo shi, wai ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, wai ɗanyen nama yake ci. Aka haɗa shi da manaja mai yi masa magana, shi kuwa sai gurnani da zare ido. Ku dubi ikon Allah. Mutumin da zai zo ya ci abinci da bakinsa shekaru masu yawa, sai da ya fara cin abinci da yin shiru.

Me ya sa wannan dabara ta ci? Dalilin yana ga wani mutum dabam. A watan Mayu na 1963 Bruno Sammartino, haifaffen Italiya, ya karɓi kambun duniya na kamfanin WWWF daga hannun Buddy Rogers cikin ƙasa da minti ɗaya. Baƙin haure 'yan Italiya da suka cika New York da kewayenta suka ɗauke shi tamkar ɗan'uwa na jini, suna cika babban zauren Madison Square Garden don su gan shi. Kamfanin da ke da Sammartino ba ya bukatar ɗan Italiya na biyu mai waƙa. Abin da yake bukata dodo ne, wanda in ya tsaya gaban Sammartino zuciyar masoyansa za ta tsinke, su koma gida ba su yi barci ba, su dawo wata mai zuwa da kuɗin tikiti a hannu. Monsoon ya zama dodon nan. Daga kakar 1963 suka yi ta karawa, akwai karon da suka wuce awa guda babu wanda ya kai wani ƙasa, kuma duk da cewa Monsoon ya riƙe kambun 'yan biyu-biyu tare da Killer Kowalski, daga baya kuma tare da Bill Watts, kambun nan babba bai taɓa shiga hannunsa ba. Sammartino ya riƙe shi kusan shekara takwas, har zuwa farkon 1971.

Wani zai ce ashe bai kai ba ke nan. Ni kuwa ina ganin ya kai har ya wuce, domin gwarzo ba ya zama gwarzo sai da abin tsoro a gabansa, kuma samun wanda zai yarda ya zama abin tsoron nan, a tofa masa yawu, a jefe shi da kwalba, sa'an nan ya kwanta a ƙirga masa uku a daren da aka ce ya kwanta, ya fi samun gwarzon wuya. Wannan shi ne ɗaga wani na farko.

Wajen 1969 aka juya shi ya koma ɓangaren mutanen kirki, ya zama abokin Sammartino, Turancin da aka ce ba ya ji kuma ya zubo tiryan-tiryan, jama'a ba su ko tambayi ina Manchuriya ta kwana ba. A bayan fage kuwa matsayinsa ya fi na gaban fage nisa. Mai kamfanin, Vincent McMahon babba, ya amince da shi ƙwarai, har Monsoon ya mallaki hannun jari a ciki. Shi ne yake zama a bayan labulen da 'yan kokawa ke fitowa, da agogo a gabansa, yana faɗa wa kowa lokacin fitarsa da mintocin da aka ba shi. Har yau ɗin nan, a kamfanonin kokawa, wannan wuri na bayan labule da sunan Gorilla ake kiransa, kuma yaran da aka haifa bayan mutuwarsa suna tsayawa a wurin suna jiran a kaɗa musu take.

Yanzu kuma ga wani labari da na san zai yi wa da yawanku daɗi, domin akwai Muhammad Ali a cikinsa. A farkon watan Yuni na 1976, Ali yana shirin tafiya Tokiyo don karawa da ɗan kokawar Japan Antonio Inoki. Sai ga shi a zauren wasa a Filadalfiya, a kujerun gaba, daren da Monsoon ya kara da Baron Mikel Scicluna. Da aka gama, Ali ya cire riga ya haye dandamali, ya shiga rawar nan tasa yana kai wa Monsoon naushin tsokana, yana nuna shi da yatsa. Monsoon ya dube shi, ya cafki hannunsa, ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi ta juyi da shi kamar farfela, sa'an nan ya ajiye shi a ƙasa. Zakaran damben duniya ke nan, a kwance, mutanensa suna jan shi waje. Monsoon bai taɓa yarda ya faɗi ko an shirya abin ko ba a shirya ba. Amma ku dubi yadda ya sauke shi: bai karya masa ko yatsa ba, kuma washegari labarin karawar Tokiyo yana bakin kowa. Ko a nan ma, in kun lura, kasuwar wani ya buɗe.

Jiki kuwa ba ya ƙarya. A watan Agusta na 1980, yana da shekara 43, ya sa sana'arsa a caca da Ken Patera, wanda ya taɓa wakiltar Amurka a ɗaga nauyi a gasar Olamfik, bisa sharaɗin in ya faɗi ya bar kokawa. Ya faɗi a Filadalfiya, ya bar wa matashi sunan wanda ya yi wa Monsoon ritaya. Bayan wannan ya ɗan leƙo fage jefi-jefi, amma zamanin damtse ya wuce.

Ga kwana na biyu, masu sauraro, kuma shi ne zuciyar maganarmu ta yau. A 1982 Vince McMahon ƙarami ya sayi kamfanin daga hannun mahaifinsa da abokan jarinsa. Monsoon ya sayar da nasa kason, bisa alkawarin cewa yana da aiki a kamfanin muddin ransa. Aikin da aka ba shi kuwa shi ne ya zauna a tebur a gefen fage, ya sa abin ji a kunne, ya gaya wa mutanen gida abin da suke gani.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa a ƙasarmu ya san abin da makaɗi da mai kirari suke yi: ɗan kokawa yana da ƙarfinsa, amma su ne suke gaya wa taro ko shi wane ne, su tuna masa waɗanda ya kayar, su sa tsikar jikin mai kallo ta tashi tun ba a kama ba. Mai sharhi a kokawar Amurka nauyinsa ya ma fi haka, domin wasan da yake bayani shiryayye ne, shi kuma dole ya yi maganarsa kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. In muryarsa ta yi rawa, ko ta nuna shi kansa bai gaskata ba, duk wahalar da mutum biyu suke sha a kan dandamali ta tashi a banza.

Monsoon yana da abin da sauran ba su da shi, wato hujja. In ya ce wannan kamu yana da zafi, mai sauraro ya san an taɓa yi masa shi. Ga misali. Ɗan kokawa zai danne abokin karawarsa, alƙalin wasa ya fara ƙirga, ɗaya, biyu, na ƙasa ya zabura ya tashi. Sai ka ji Monsoon, cikin muryar malamin da ɗalibi ya ba shi haushi, yana cewa ai ba a cin irin wannan mutum ba a riƙe masa ƙafa ba. Ko kuma wani ya yi kamun nan na miƙar da haƙarƙari, sai ya ce bai saƙala ƙafarsa a bayan ta abokin karawar ba, don haka kamun ba zai yi aiki ba. In kuwa an bugi wani a ƙeya, Monsoon ba zai ce ƙeya ba, sai ya jawo dogon sunan ƙashin wurin da Latinanci irin na likitoci, ya furta shi dalla-dalla, yaro a gida ya buɗe baki. Malamin motsa jikin nan na Rochester bai mutu ba, gemu ne kawai ya rufe shi na ɗan lokaci.

Adalci ya wajabta in gaya muku cewa ba kowa ne ya yaba ba. Masu karanta wata jaridar sharhin kokawa da ake kira Wrestling Observer sun zaɓe shi mafi munin mai sharhi har sau shida. Hujjarsu ita ce yana maimaita kalmomi iri ɗaya, yana zuzuta abin da bai kai ba, kuma gyaran da yake yi wa 'yan kokawa a bainar jama'a yana rage musu daraja. Zancen maimaici gaskiya ne, ba na musu. Amma zancen gyara, a nan na saɓa musu. Mai sharhin da komai ya gani sai ya ce madalla, yabonsa ba shi da nauyi a mizani. Wanda ya saba cewa wannan bai yi ba, ranar da ya ce wannan ya yi, magana ta zauna. Gyaran nan shi ne jarin da yake kashewa a manyan darare.

Babban daren kuwa ya zo ranar 29 ga watan Maris, 1987, a WrestleMania ta uku, a filin Pontiac Silverdome na jihar Michigan, inda kamfanin ya ce mutum 93,173 suka hallara, ko da yake akwai masu ja da wannan adadi. Hulk Hogan ya fuskanci André the Giant. André ba shi da lafiya, bayansa ya lalace, da ƙyar yake motsi, kuma in za a auna karawar da ma'aunin gudu da tsalle, babu abin a zo a gani. Amma da suka tsaya ƙirji da ƙirji, Monsoon ya siffanta su da ƙarfin da ba a iya tarewa ya gamu da abin da ba ya gusawa, jimlar nan kuwa ta zauna a kan karawar har yau. Da Hogan ya ɗaga André ya maka shi da ƙasa, wanda ya durƙusa ya ƙirga ukun shi ne Joey Marella, ɗan Monsoon, wanda yake alƙalin wasa a kamfanin. Uba yana tebur, ɗa yana dandamali, sunan da aka tafi da shi gida kuwa na Hogan ne. Ɗaga wani ke nan, karo na nawa ban ƙirga ba.

Abokin zamansa a wannan dare Jesse Ventura ne, shi ma tsohon ɗan kokawa, wanda ciwon daskarewar jini a huhu ya raba da fage, wanda kuma, abin mamaki, mutanen Minnesota suka zaɓa gwamna a 1998. Ventura yana goyon bayan mugaye, Monsoon yana tsaye kan gaskiya, suna ja-in-ja cikin mutunci. Amma abokin da tarihi ya ɗaure sunansa da na Monsoon shi ne Bobby Heenan.

Heenan manajan mugaye ne, mai kaifin baki, matsoraci a wasa, maƙaryaci na ban dariya. Daga 1986 aka haɗa su gabatar da shirin Prime Time Wrestling. Heenan zai zabga ƙarya, ko ya yi wa wani gwarzo baƙar magana, Monsoon ya juyo a hankali ya dube shi ta saman tabarau, ya daka masa tsawa cewa ya bari haka nan. Shi ke nan fa. Amma barkwanci ba ya tashi sai da wanda zai ji haushinsa, kuma Monsoon ya san daidai lokacin da zai yi shiru ya bar Heenan ya rataye kansa da harshensa, da lokacin da zai tsawata. Duk dariyar ta Heenan ce, kuma Monsoon bai taɓa yi masa rowar ta ba. A Royal Rumble ta Janairun 1992, inda Ric Flair, mutumin Heenan, ya shiga na uku ya yi kusan awa guda har ya ci kambu, Heenan ya yi ta roƙo da kururuwa kamar ransa zai fita, Monsoon kuma yana zuga shi da sanyin murya, yana tuna masa cewa mutuminsa ba zai kai ba. Mutane da yawa suna ganin ba a taɓa sharhin kokawa da ya kai na wannan dare ba, ni ma ina cikinsu.

A zahiri abokan gaba, a baɗini aminai. Da Heenan zai bar kamfanin a watan Disamba na 1993, aka shirya cewa Monsoon ne zai kama shi a gaban kyamara ya jefa shi waje da jakarsa, kayansa suna zubewa a titi. Jama'a suka yi ta shewa. Heenan da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa da suka koma masauki a daren, rungumar juna suka yi suna kuka.

Daga nan, masu sauraro, labarin ya yi nauyi, kuma ba zan ja shi ba. A watan Yuni na 1994 kamfanin ya sa Monsoon cikin jerin gwarazansa na tarihi. Ba a cika wata guda ba, ranar 4 ga Yuli, Joey ya rasu a haɗarin mota a babbar hanyar New Jersey yana dawowa daga aiki, yana da shekara 31. Waɗanda suka san uban sun ce bai sake komawa daidai ba. Ciwon sukari kuma ya sa shi gaba. Daga 1995 zuwa 1997 an ba shi matsayin shugaban kamfanin a cikin wasa, mai yanke hukunci tsakanin masu rigima, jama'a kuwa suka karɓi hukuncinsa ba gardama, domin sun daɗe da sabawa da gaskata muryar.

Fitowarsa ta ƙarshe a watan Maris na 1999 ce, a WrestleMania ta 15 a Filadalfiya, garin da ya juya Ali, garin da ya ajiye kokawa. An gabatar da shi cikin alƙalan wani dambe, ya rame har da wuya a gane shi, zauren kuwa ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Ajali ya cim masa ranar 6 ga Oktoba, 1999, a gidansa da ke Willingboro a New Jersey, yana da shekara 62. Alkawarin nan na aiki muddin rai, an cika shi. Shekara biyar bayan haka, da aka karrama Heenan a 2004, mutumin da bakinsa bai taɓa rasa abin zolaya ba ya rufe jawabinsa da cewa abu ɗaya ya rage masa, da ma a ce Monsoon yana wurin.

To, jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda yake da intanet a wayarsa, ina ba shi shawara ya nemi karawar nan ta 1992, ya saurari mutanen biyu da ke tebur ko da bai ji Turanci sosai ba, ya kula da wuraren da babban yake yin shiru. Wanda kuma yake ganin masu jaridar nan ne suka fi ni gaskiya, ƙofa a buɗe take, ya aiko mana da hujjarsa mu karanta a fili.